Yadda Ake Rage Jinkirin Hoto Idan Ana Buga Tsoffin Gem a Talabijin na Zamani

Duk wanda ya zaro tsohuwar Super Nintendo, Sega Mega Drive ko PlayStation ta farko daga kwali ya jona ta da talabijin na bango ya san wannan takaicin. Hoto ya fito, sauti ya fito, amma wasan ya ƙi daɗi. Ka danna tsalle a bakin rami, Mario ya riga ya faɗa. Ka hango naushi yana zuwa a Street Fighter II, ka tare, ashe ya riga ya same ka. Da yawa sukan ɗauka hannunsu ne ya mutu saboda an daɗe ba a buga ba, wasu kuma su ɗora laifin a kan tsufan na'urar. Galibi duka biyun ba ruwansu. Talabijin ne yake riƙe hoton na ɗan lokaci kafin ya nuna shi, kai kuma kana mayar da martani ga abin da ya riga ya wuce a cikin na'urar.

Maganin shi ne a rage wa talabijin aiki. Duk gyaran da yake yi wa hoto lokaci yake ci, don haka ko dai a hana shi yi, ko a miƙa aikin ga wata na'ura da ta fi shi zafin nama. Matakan da ke tafe sun fara da waɗanda rimot kawai suke buƙata, sannan suka gangaro kan masu buƙatar sayen kaya. Ka bi su a jere, domin ba mamaki matsalarka ta ƙare tun a mataki na biyu.

Inda lokacin yake zurarewa

Na'urorin gem na da, tun daga NES ta shekarun 1980 har zuwa PlayStation 2 da ta fito a 2000, an ƙera su ne don talabijin mai ƙusumbi, wato CRT. Irin wannan talabijin ba ya ajiye hoto. Sigina tana shigowa ta waya, yana zana ta a kan gilashi nan take, layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka da Japan tana fitar da hoto sau 60 a sakan ɗaya, kowane hoto ɗaya, wato firam, yana cin milisakan 16.7 ke nan (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya). Wadda aka yi wa Turai, mai tsarin PAL, sau 50 take fitarwa, kowane firam milisakan 20. Riƙe lambobin nan biyu, da su za ka yi awo.

Talabijin na zamani kuwa allonsa yana da adadin ɗigo da ba ya canzawa, 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ko 3840 da 2160 idan 4K ne. Hoton da Super Nintendo ke turowa bai wuce layi 240 ba. Dole talabijin ya fara mayar da siginar zuwa dijital, ya faɗaɗa hoton har ninki tara idan 4K ne, sannan ya shiga goge dishi-dishi, gyara launi, da sauran kwalliyar da aka ɗora masa don kallon fim. Ya zama kamar tafintan da ba ya buɗe baki sai mai magana ya kai aya, sannan ya tsaya zaɓen kalma mai daɗi. A fim babu wanda zai lura, tunda har sautin ake jinkirtawa ya dace da hoton. A gem kuwa yatsanka ba ya jira.

Amma inda gizo yake saƙar shi ne nau'in siginar kanta. Tashoshin talabijin na da rabi-rabi suke turo hoto: layukan mara a wannan karon, layukan cika a karo na gaba. Shi ake kira 480i, ko 576i a tsarin PAL. Masu ƙera na'urorin gem sai suka yi dabara, suka sa na'ura ta riƙa maimaita layuka iri ɗaya kowane karo, ya zama cikakken hoto ne mai layi 240 yake fita sau 60 a sakan. Wannan shi ne 240p, takwaransa na PAL kuma 288p. CRT bai damu ba, abin da aka ba shi yake zanawa. Amma yawancin talabijin na zamani ba su san wannan dabara ba. Suna ganin siginar sai su ɗauka 480i ce, su riƙe hoton farko suna jiran wai rabinsa na biyu ya iso su saƙa su wuri ɗaya. Jiran nan kaɗai yana iya cin firam ɗaya ko biyu, kuma aikin banza ne, domin babu wani rabi da ya ɓace. Ƙarshenta ma hoton ya fito a dagule.

Idan aka tara duka, talabijin da aka bari a saitin kallon fim yana iya jinkirta hoto da milisakan 80 zuwa sama da 100. Milisakan 100 firam shida ne. A Super Mario Bros., idan Mario ya kai ƙarshen gudunsa yana cin kusan ɗigo biyu da rabi a kowane firam, bulo ɗaya kuma faɗinsa ɗigo 16 ne. Firam shida sun kai shi ɗigo 15 gaba. Lokacin da idonka ya gan shi saura bulo ɗaya ya kai bakin rami, a cikin na'urar ƙafarsa tana kan gaɓa.

Abu biyu ne ake yawan rikita su da wannan matsala. Na farko, lambar nan da ake bugawa a jikin kwali, milisakan 1 ko 5, ba jinkirin shigar hoto ba ce. Saurin da ɗigon allo ke canza launi ne, shi ke sa a ga inuwa tana bin abu mai gudu, kuma allo yana iya zama gwani a wannan fanni alhali yana riƙe hoto firam biyar. Na biyu, yawancin tsoffin gem na PAL dama a hankali suke tafiya fiye da na Amurka da Japan da kusan kashi 17 cikin 100, saboda bambancin 50 da 60. Sonic na farko a Mega Drive ta Turai har kiɗansa ja yake yi. Wannan daga gem ɗin ne, babu saitin talabijin da zai gyara shi.

Mataki na farko: auna kafin ka taɓa komai

Ji a jiki yana yaudara. Bayan minti goma na wasa ƙwaƙwalwa takan saba, ka fara danna maɓalli da wuri ba tare da ka sani ba, sai ka ɗauka gyaran da ka yi ne ya yi aiki. Wayar hannu mai ɗaukar bidiyo a hankali ta wadatar.

Buɗe kyamara ka zaɓi Slo-mo ko Slow motion, ka sa a kan firam 240 a sakan idan wayar tana da shi. A wannan saurin kowane hoto na bidiyon milisakan 4.2 ne, wato hoto huɗu na waya daidai suke da firam ɗaya na gem mai 60, kusan biyar kuma a mai 50. Jingine wayar a wuri tsayayye ta yadda hannun gem da allon talabijin za su fito tare a ciki. Kunna fitilar ɗaki sosai, domin a duhu yatsa yakan fito a dushe. Zaɓi motsin da ke faruwa farat ɗaya, kamar tsalle daga tsaye ko matsar da alama a jerin zaɓi. Ɗaga yatsa sama ka buga maɓallin da ƙarfi, kada ka lallaɓa shi, don a ga lokacin da ya nutse. Maimaita kamar sau goma.

Yanzu buɗe bidiyon ka riƙa jan sa hoto ɗaya-ɗaya. Za ka ga yatsa yana saukowa, ya taɓa maɓalli, maɓallin ya shige. Daga hoton da ya kai ƙasa fara ƙirga: ɗaya, biyu, uku, allo bai motsa ba, har ka iso hoton da ƙafar ɗan wasan ta fara barin ƙasa. Rubuta lambar, ka yi wa sauran haka, ka ɗauki matsakaici. Idan ka sami 36, kusan milisakan 150 ke nan, firam tara.

Ba duk wannan lamba ce laifin talabijin ba. Gem ɗin kansa yakan ci firam ɗaya zuwa uku ko fiye kafin ya amsa, ko da a CRT ne. Amfanin lambar shi ne kwatance: ka canza abu ɗaya, ka sake awo da gem ɗaya da motsi ɗaya, ka ga nawa ya ragu. Idan akwai CRT a kusa, auna a kansa ma, abin da ya bayar shi ne ƙasan da ba za a wuce ba.

Mai hanyar ɗora manhaja a tsohuwar na'urarsa ya nemi 240p Test Suite, wadda Artemio Urbina ya fara rubutawa kuma kyauta ce. Akwai ta ga Mega Drive, Super Nintendo, Dreamcast, GameCube, Wii da wasunsu, kuma tana da gwajin jinkiri da na gane yadda talabijin ke karɓar 240p. Ko babu ita akwai alama mai sauƙi. A tsoffin gem da yawa, idan aka bugi ɗan wasa yakan yi walƙiya, ya bayyana a firam ɗaya ya ɓace a na gaba. Idan talabijin ya fahimci siginar, walƙiyar za ta fito sumul. Idan ya ɗauke ta 480i, sai ka ga jikin ɗan wasan ya tsattsage layi-layi a kwance, ko ya ɓace gaba ɗaya na ɗan lokaci, ko ya tsaya cak babu walƙiya.

Mataki na biyu: kunna Game Mode a kafar da na'urar take

Wannan shi ne gyara mafi girma, kuma shi aka fi mantawa. PlayStation 5 da sababbin Xbox suna aika wa talabijin saƙo ta HDMI ya shiga yanayin wasa da kansa, tsarin da ake kira ALLM. Tsohuwar na'ura ba ta san da wannan ba, sai kai ka kunna da hannu.

Kunna na'urar, ka koma kafar da take a jone, sannan ka buɗe saiti. Jerin nan yana da muhimmanci, domin yawancin talabijin kowace kafa da nata saitin hoto. Idan ka kunna Game Mode kana kan HDMI 1, kafar AV, wadda ake jona wayar nan mai kai rawaya, fari da ja, ba ta san an yi ba. A LG da Sony yana cikin zaɓin Picture Mode, sababbin LG suna kiransa Game Optimizer. A Samsung yawanci ba ya cikin saitin hoto, yana ƙarƙashin General ko Connection gwargwadon shekarar talabijin ɗin.

Hoton zai iya ɗan dushewa ko launi ya canza. Ba lalacewa ba ce, kwalliyar ce aka cire, kuma kana iya ƙara haske da launi da hannu ba tare da jinkirin ya dawo ba. Talabijin da yawa na 'yan shekarun nan suna sauka zuwa milisakan 10 zuwa 20 a wannan yanayi. Sai dai a lura, shafukan da ke gwada talabijin irin su Rtings ta HDMI suke awonsu da siginar zamani. Talabijin da ya ci jarrabawa a can yana iya kasawa idan aka ba shi sigina ta wayar nan mai kan rawaya, kuma akwai waɗanda Game Mode ɗin ma ba ya kunnuwa a kafar AV. Shi ya sa za ka sake awo.

Mataki na uku: kashe sauran kwalliyar

Game Mode yakan kashe mafi yawansu, amma ba duka ba. Babban ɓarawon lokaci shi ne santsin motsi, inda talabijin ke ƙirƙirar firam na ƙarya ya cusa tsakanin na gaskiya. Ba zai iya ƙirƙirar na tsakiya ba sai ya ga na gaba, don haka jira ya zama dole. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Auto Motion Plus ko Picture Clarity a Samsung, Intelligent Frame Creation a Panasonic. Samsung har da wani mai suna Game Motion Plus a cikin Game Mode ɗin kansa, shi ma kashe shi. Daga nan ka bi ta kan Noise Reduction, MPEG Noise Reduction, Dynamic Contrast da duk wani mai kama da su. Wasu ba sa cin lokacin kirki, amma ba sa ƙara wa hoton tsohon gem komai sai dagulawa.

Tunda kana cikin saitin, mayar da girman hoto 4:3. Ba ya rage jinkiri, amma miƙa hoton ya cika allo yana sa motsin gefe ya yi kamar ya fi sauri, da'ira kuma ta koma ƙwai.

Mataki na huɗu: miƙar da hanya

Duba duk abin da ke tsakanin yatsanka da allo. Idan siginar tana bi ta na'urar sauti ta gida, ko ta na'urar DVD, ko wani akwati da ke karɓar AV ya fitar da HDMI, cire shi ka jona kai tsaye ka sake awo. Wayar HDMI ita kanta ba ta jinkirta komai, mai tsada da mai araha duk ɗaya ne a wannan fanni, kada wani ya sayar maka da wata da sunan ta gem ce.

Hannun gem na asali mai waya shi ne ma'auni. Masu Bluetooth da ake jona wa tsoffin na'urori ta ƙaramin adafta suna ƙara jinkiri, kuma nasu ba ya tsayawa wuri ɗaya, wanda ya fi ɓata wasa, tunda jinkiri tsayayye hannu yana iya sabawa da shi. Masu amfani da 2.4GHz da nasu ɗan makarɓi sun fi sauri. Idan maɓalli sai an danne shi da ƙarfi yake amsawa, wannan datti ne ko robar ciki ta gaji: buɗe shi ka goge wurin da auduga da ɗan sinadarin isopropyl.

Sauti ma yana da nasa. Lasifikar kunne ta Bluetooth takan makara da fiye da milisakan 100, kuma kunne yana cikin abin da ɗan wasa ke dogaro da shi ko bai sani ba. Yi amfani da lasifikar talabijin ko mai waya, ka mayar da Audio Delay sifili. Wasannin kiɗa irin su Guitar Hero II da Rock Band suna da wurin daidaita jinkiri a cikin saitinsu, yi amfani da shi bayan ka gama sauran gyare-gyaren.

Mataki na biyar: idan na'urar tana iya 480p, ba ta dama

Na'urorin da suka fito daga 1998 zuwa 2006 suna da wata ƙofa. Yawancin wasanninsu 480i na gaskiya ne, amma da yawa suna iya fitar da 480p, cikakken hoto mai layi 480 wanda talabijin ba ya buƙatar saƙawa. Ga yawancinsu sharaɗin shi ne wayar component, mai kai biyar: kore, shuɗi da ja na hoto, fari da ja na sauti. Wayar rawaya ba ta iya ɗaukar 480p ko kaɗan.

A Wii abin a fili yake: shiga Wii Settings, Screen, TV Resolution, ka zaɓi EDTV or HDTV. Xbox ta farko ta Amurka tana da zaɓin a saitin bidiyo idan an jona wayar da ta dace. Dreamcast kuwa ta wayar VGA, irin ta allon kwamfuta, take fitar da shi, kuma yawancin wasanninta sun yarda. A GameCube ta Amurka da Japan ana riƙe maɓallin B yayin da gem ke tashi, sai ya tambaye ka ko kana son progressive scan, wato 480p. A ta PAL riƙe B ɗin yawanci zaɓin 60Hz yake kawowa. Samfurin GameCube na farko mai lamba DOL-001 ne kaɗai ke da kafar dijital a baya, kuma yau akwai ƙananan adaftocin HDMI da ke shiga wannan kafa ba tare da ƙara jinkiri ba.

PlayStation 2 ta fi su wahala. Da farko shiga System Configuration ba tare da faifai a ciki ba, ka mayar da Component Video Out zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr, idan ba haka ba allo zai fito baƙi ko da launi a jirkice. Sannan gem ɗin da kansa sai ya yarda. Wasu suna da zaɓin a cikin saitinsu, wasu kuma sai ka danne alwatika da X tare tun daga lokacin da tambarin PlayStation 2 ya bayyana, ka riƙe har allo ya tambaye ka. Da yawa ba su da shi sam. Tarko ɗaya: faifan PlayStation ta farko a cikin PS2 240p yake fitarwa, kuma wasu talabijin ba sa karɓar 240p ta component, sai su ce babu sigina alhali komai lafiya yake.

Mataki na shida: ƙwace aikin daga hannun talabijin

Ga NES, Mega Drive, Super Nintendo, Saturn, PlayStation ta farko da Nintendo 64, babu 480p da za a kunna. Sababbin talabijin da yawa ma sun daina zuwa da kafar AV. A nan ne mutane ke sayen ɗan akwatin nan mai rubutun AV2HDMI, ko dangoginsa masu karɓar SCART, faffaɗar wayar hoto ta talabijin ɗin Turai. An gudu ba a tsira ba. Don na'urar kaset da DVD aka yi su, kuskuren da talabijin ke yi na ɗaukar 240p a matsayin 480i shi suke yi, sannan su ɗora nasu jinkirin a kai, wanda sau da yawa yake hawa yana sauka. Idan da shi kake amfani, akwai yiwuwar shi ne babban mai laifin.

Abin da ake buƙata shi ne na'urar da aka ƙera takanas don tsoffin gem. Mafi saurinsu ba sa ajiye cikakken firam: layi yana shigowa suna ninka shi biyu ko fiye suna turawa, jinkirinsu bai kai milisakan ɗaya ba. Talabijin sai ya karɓi 480p ko 720p ko 1080p ta HDMI, siginar da ya saba da ita, Game Mode kuma ya yi aikinsa yadda ya kamata.

Ɗaya daga cikinsu ita ce OSSC, wadda Markus Hiienkari na ƙasar Finland ya tsara. Tana karɓar RGB (siginar da ke raba ja, kore da shuɗi) ta SCART, da component da VGA, tana ninka layi sau da yawa. Ba ta karɓar wayar rawaya ko S-Video (wata wayar hoto da ta ɗan fi rawaya kyau), saboda haka NES da Nintendo 64 da ba a yi musu gyaran ciki ba ba za su shiga kai tsaye ba. Mega Drive, Saturn, PlayStation ta farko da Super Nintendo samfurin farko kuwa duk suna fitar da RGB tun daga masana'anta, waya kawai ake nema. Jerin RetroTINK na Mike Chi ya fi sauƙin sha'ani: 2X-Pro tana karɓar rawaya, S-Video da component ta fitar da 480p, 5X-Pro ta 2021 tana kai wa 1080p da sama, sai RetroTINK-4K da ta fito a ƙarshen 2023. Akwai kuma GBS-Control, wadda mutum ke haɗawa da hannunsa, ga mai iya riƙe ƙarfen solda. A ganina, mai na'ura ɗaya ko biyu da wasa kawai yake so ya tsaya a kan ƙaramar mai ninka layi biyu. Manyan suna ƙara kyan hoto ne, ba saurin amsawa ba.

Bayan ka jona, abu uku za ka duba. Kunna Game Mode a sabuwar kafar HDMI ɗin, tunda saitin waccan bai biyo ta ba. Na biyu, tsoffin na'urori ba daidai 60 suke bugawa ba, Super Nintendo ta Amurka kusan 60.1 take yi, kuma mai ninka layi yadda ya karɓa haka yake turawa. Wasu talabijin sukan ƙi, hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Idan haka ta faru rage ninkin, daga biyar zuwa uku ko biyu. Na uku, akwai gem da ke sauyawa tsakanin 240p da 480i, kamar Chrono Cross da Silent Hill idan aka buɗe jerin kaya. Kowane sauyi talabijin yakan yi baƙi na 'yan sakan yana sake gane siginar, a dawo wasa abokin gaba ya riga ya fara duka. RetroTINK 5X-Pro tana da zaɓi biyu saboda wannan: Frame Lock mai ƙarancin jinkiri, da Triple Buffer mai hana ɗaukewar hoto amma yana iya ƙara kusan firam ɗaya. Na farkon ya dace da wasan faɗa da na tsalle-tsalle, na biyun da irin waɗancan masu sauyi.

Ga wasannin PS2 da 480i kaɗai suka iya, waɗannan na'urori suna da hanyar da ake kira Bob, wadda ke ninka kowane rabin hoto nan take. Sauri gare ta, amma hoton yakan ɗan yi rawa sama da ƙasa, musamman rubutu. Wasu idonsu yana sabawa, wasu ba sa jurewa.

Idan ba na'urar asali ba ce

Mai buga tsoffin gem ta manhajar kwaikwayo a kwamfuta ko akwatin Android ya tsallake matsalar 240p, amma manhajar da tsarin na'urar suna ƙara nasu firam. Manhajar kwaikwayo ta RetroArch tana da wani zaɓi mai suna Run-Ahead tun 2018, wanda ke cire firam ɗin da gem ɗin kansa yake ɓatawa. Fara da 1. Idan ka wuce adadin da gem ɗin yake da shi, farkon motsi zai riƙa yankewa. Na'urorin da ke kwaikwayon kayan cikin tsoffin na'urori a kan wani guntun lantarki da ake iya sake tsara shi mai suna FPGA, irin su MiSTer da Super Nt ta kamfanin Analogue, suna fitar da HDMI da jinkiri kaɗan ƙwarai. Allon kwamfuta kuma, ko da matsakaici ne, yakan fi talabijin saurin nuna hoto, saboda ba a cika shi da kwalliya ba.

Abin da duk wannan ba zai gyara ba

Wasannin bindiga. A Duck Hunt, idan ka ja kunamar Zapper, bindigar wasa ta NES, allo yakan yi baƙi na firam ɗaya, a firam na gaba farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwar take, idon da ke cikin bindigar kuma ya duba ko ya ga haske a daidai wannan lokacin. Allon zamani yana kawo hasken a makare, kuma irin haskensa ma ba shi bindigar ke nema ba. Bindigar GunCon ta wasan Time Crisis ta fi haka tsanani, domin ita lokacin da zanen CRT ya ratsa ta gabanta take aunawa, allon bango kuwa ba haka yake zana hoto ba. Waɗannan sai CRT na gaske.

Idan za ka nemi CRT, duba bayansa tukuna: mai kafar S-Video, component ko SCART ya fi mai rawaya kaɗai. Ka guji samfuran ƙarshe masu tambarin 100Hz ko HD, domin su ma sarrafa hoto suke yi kafin su nuna, suna da jinkiri kuma yawancin bindigogin ba sa aiki a kansu. Mai inci 14 zuwa 21 ya isa wasa kuma mutum ɗaya zai iya ɗaga shi. Kada ka kwance murfin bayansa da kanka, cikinsa yana iya riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare shi daga soket.